Shin Ko Kun San? Kwamfutar da Ke Zama Ƙarƙashin Talabijin

Shin ko kun san masu haɗa ƙananan kwamfutoci da lita suke auna akwatinsu, kamar masu sayar da man gyaɗa? Akwatin kwamfutar tebur da muka saba gani a ofis da shagon buga takardu yakan kai lita 40, wani ma ya wuce. Wanda za a ajiye a falo, a buga gem da shi kuma a kalli fim, ana so kada ya haura lita 20. Xbox Series X bai cika lita 7 ba, PlayStation 5 na farko kuwa ya ɗan ɗara lita 10. Su biyun sun fito a Nuwambar 2020, kuma idan aka buɗe cikinsu kwamfutoci ne zalla, kamfanin AMD ne ya ƙera musu firosesa da sashen hoto. Duk wanda ya ɗauki sukundireba zai haɗa tasa, da waɗannan biyun yake gasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ko kun san faɗin madabod ɗin da ake amfani da shi a wannan aikin santimita 17 ne, tsawonsa ma 17? Sunansa Mini-ITX, kuma kamfanin VIA na Taiwan ne ya fito da shi a 2001, ba don gem ba, don ƙananan na'urori marasa cin wuta. Babban yayansa, ATX, wanda Intel ya kawo a 1995, santimita 30.5 ne da 24.4. Abin da ƙaramin ya rasa a fili yake: ramin katin hoto guda ɗaya tak, ramin RAM biyu maimakon huɗu. Wani abin haushi kuma, sau da yawa ƙaramin ya fi babban tsada, domin cusa komai a wannan ɗan fili aiki ne, kuma masu sayensa ba su da yawa.

Shin ko kun san wasu daga akwatunan da suka fi yin suna a wannan fanni ba manyan kamfanoni ne suka fara tunaninsu ba? NCASE M1, mai lita 12.6, masu sha'awa ne suka zana shi, jama'a suka yi masa karo-karo ta intanet a 2013. DAN A4-SFX, mai lita 7.2, wani Bajamushe ne ya zana shi, shi ma aka tara masa kuɗi a 2016. Sai da waɗannan suka nuna akwai kasuwa sannan manya suka shigo da ƙarfinsu. Yanzu ga NR200 na Cooler Master mai lita 18 da ɗoriya, ga Ridge da Terra na Fractal Design da ke Suwidin. Wanda bai taɓa haɗa kwamfuta ba, ni dai shawarata ya fara daga lita 15 zuwa 20. A ƙasa da lita 10, yatsun babban mutum ba sa shiga wasu lungunan, sai an nemo ɗan ƙaramin filaya, a haɗa da haƙuri.

Kun san kuwa dabarar da ta sa lita 7 ta ɗauki cikakken katin hoto? Ana tsayar da madabod a tsakiya, a juya katin ya koma bayansa, su ba juna baya, sannan a haɗa su da wata lafaffiyar waya mai faɗi. Kowannensu sai ya riƙa shaƙar iska daga nasa gefen. Wayar nan ce kuma ke yawan jawo ciwon kai. Idan ta zamanin PCIe 3.0 ce, katin da madabod kuwa na 4.0, ana iya kunna kwamfuta fankoki su juya amma talabijin ta tsaya baƙa ƙirin, har sai an shiga BIOS an sauko da saurin ramin da hannu. A Fabrairun 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sanar da janye akwatin NZXT H1 daga kasuwa saboda sukurorin da ke riƙe irin wannan wayar na iya haddasa gobara. Kada a yi mata rowa wajen saye.

Ko kun san na'urar raba wuta ma tana da ƙaramar ƙanwa? Ta babban akwati faɗinta milimita 150 ne, ta ƙaramin kuwa, da ake kira SFX, milimita 125 da 100 da 63.5. Ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan shafin: wayoyin da ake cirewa a mayar a jikin irin waɗannan na'urori ba su da tsari ɗaya tsakanin kamfani da kamfani, wani lokaci ko a kamfani ɗaya. Bakin zai shiga daidai, amma wutar ta bi inda bai kamata ba, ta ƙone ma'ajiyar bayanai nan take. Kowace na'ura da wayoyinta. Wanda ya sayi ta hannu, aka haɗo masa da wayoyin da aka tsinto daga kwali, gara ya mayar.

Shin ko kun san kusan duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa? A nan ne lissafin duka yake. Katin RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, kuma wasu nau'o'insa tsawonsu ya haura santimita 33, ba ma za su shiga yawancin ƙananan akwatuna ba. Kwamfutar da ke jan wat 500 lokacin gem daidai take da hita mai wat 500 da aka kunna a tsakiyar falo. A Landan cikin Janairu wannan alheri ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin Afrilu, lokacin da zafin waje ke wuce digiri 40, azaba ce ga na'urar da masu kallon baki ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu, digiri 20 da 'yan kai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa kawai. Saboda haka, a misali, firosesar da ta nuna digiri 75 a ɗakin da ke digiri 22, idan aka kawo ta ɗakin da ke digiri 37 za ta doshi 90, sai dai in fankokin sun ƙara gudu, su ƙara ƙara. Yawancin firosesocin Ryzen 7000 na AMD iyakarsu digiri 95 ce, yawancin na Intel 100. Da sun kai can sai su rage wa kansu gudu don kada su lalace, gem ya fara tsinkewa ana tsakiyar kai hari. Duk adadin zafin da kuka gani a bidiyon gwaji, ku ƙara masa bambancin ɗakinku da nasu kafin ku zaro kuɗi.

Kun san kuwa ana iya rage wa kati ko firosesa abinci ba tare da an ji a jiki ba? Kamfanoni kan tura kayansu har ƙarshen ƙarfinsu don su ci gasar alƙaluma, alhali 'yan kason ƙarshen nan na sauri su suka fi cin wuta. AMD na da wani saiti da ke mayar da firosesa mai wat 105 ta yi aiki a matsayin mai 65. Katunan hoto ma ana iya sauko da iyakar wutarsu zuwa kashi 75 ko 80 cikin ɗari, saurin da za a rasa kaɗan ne, zafi da ƙara kuwa su ragu sosai. A ganina wannan shi ne gyara mafi riba a kwamfutar falo, kuma ko sisi ba a biya.

Shin ko kun san babbar fanka ta fi ƙarama shiru? Mai milimita 120 ko 140 tana juyawa a hankali ta tura iskar da ƙarama sai ta yi ta ihu kafin ta tura. Kunnen mutum kuma duk ƙarin desibel 10 yana jin sa ne kamar an ninka ƙarar. A tebur, da abin sauraro a kunne, ba wanda ya damu. A falo da dare, fim ya zo wurin da jarumi ke raɗa, fanka ce za ta zama jarumar. Wani sanannen ƙarfen sanyaya firosesa, NH-L9i na kamfanin Noctua da ke Ostiriya, tsayinsa da fankarsa duka milimita 37 ne. Kowane ƙaramin akwati yana da iyakar tsayin da yake ɗauka, a duba kafin a saya, milimita 2 kan hana murfi rufuwa.

Sai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk abin da ke shaƙar iska a gidajenmu yana shaƙar ƙasa. Dabarar ita ce fankokin da ke shigo da iska su rinjayi masu fitarwa, a kuma sa musu raga mai tace ƙura. Ta haka iska za ta riƙa fita ta kowace 'yar kafa maimakon ƙura ta riƙa shiga. Ranar da za a hure cikin da buloya, a riƙe fuka-fukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. Kuma don Allah, kada a cusa akwatin cikin dibaida a rufe gilashi, kada kuma a lulluɓe shi da ƙyallen ado irin wanda iyayenmu mata ke shimfiɗa wa rediyo da talabijin. Na san falo ya fi kyau haka. Na'urar ce ba za ta yi tsawon rai ba.

Ko kun san ba lallai ne a sayi katin hoto ba sam? Ryzen 7 8700G, da ya fito a Janairun 2024, yana ɗauke da sashen hoto a cikinsa, Radeon 780M, kuma an tsara shi a kan wat 65. Yana buga gem da yawa a 1080p idan aka sassauta saiti. Sharaɗi guda: irin wannan sashen hoton ba shi da ma'ajiyar kansa, RAM ɗin kwamfutar yake aro. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 nesa ba kusa ba, domin hanya biyu suke buɗe masa maimakon ɗaya. Mutane da yawa sun zargi firosesa da rauni alhali rami ɗaya suka bari fanko.

Idan fim kaɗai ake so, maganar ta ma fi sauƙi. Intel N100, wanda aka tsara a kan wat 6, yana nuna fim ɗin 4K lami lafiya. Sirrin shi ne akwai wani keɓaɓɓen sashe a cikin firosesa wanda ba shi da aiki sai warware bidiyo; na Intel, Quick Sync, tun 2011 yake. Abin dubawa shi ne wane irin matsin bidiyo sashen ya iya. H.264 na 2003 kowa ya iya shi. HEVC na 2013 shi ne na yawancin finafinan 4K. AV1 na 2018, wanda YouTube da Netflix ke ƙara komawa gare shi, sai sababbi: Nvidia daga RTX 30, AMD daga RX 6000. A nan ma akwai rami, domin RX 6400 da RX 6500 XT, duk da suna cikin wannan gidan, ba su da sashen warware AV1.

Shin ko kun san ramin da ake soka katin hoto yana ba da wat 75 da kansa? Wannan ne ya buɗe ƙofa mafi arha: tsofaffin kwamfutocin ofis sirara, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ake shigowa da su na hannu, ana samunsu daga Computer Village ta Ikeja har shagunan titin Beirut a Kano. A soka musu gajeren kati wanda ba ya neman ƙarin wayar wuta, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, shi ke nan an sami na'urar gem. Sai dai na'urar wutar cikinsu ƙarama ce, galibi tsakanin wat 180 da 260, kuma bakin wayoyinta na kamfanin ne kaɗai, ba a musanya ta cikin sauƙi. A kuma tambayi zamanin firosesa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zamani na 8 na Intel yake farawa. Mai shago zai ce muku “Core i7 ce, yallaɓai,” ku ce masa ta wane zamani.

Ko kun san 4K ɗigo 8,294,400 ne, ninki huɗu cif na 1080p? Katin hoto sai ya zana kowane ɗaya, sau 60 a daƙiƙa ko fiye. Amma daga kujerar da ke nesa da mita 3, a gaban talabijin mai inci 55, idon yawancin mutane da ƙyar yake rarrabe su biyun. Shi ya sa dabarun DLSS na Nvidia da FSR na AMD, waɗanda ke zana hoton a ƙarami sannan su faɗaɗa shi, suka fi dacewa da falo a kan tebur. Ɗan dishi-dishin da mai zama dab da allo zai hango, mai kishingiɗe a kan kujera ba zai gan shi ba. Wanda ya fahimci wannan ya tsira daga sayen kati mai cin wat 300.

Yanzu ga wanda na fi so. Shin ko kun san fim ɗin silima hoto 24 ne a daƙiƙa, tun ƙarshen shekarun 1920 da aka fara sa wa fim murya, alhali kwamfuta ta saba aika wa allo 60? A raba 60 da 24, a sami biyu da rabi, kuma ba a nuna rabin hoto. Sai a riƙa nuna wannan sau uku, na gaba sau biyu, uku, biyu. Sakamakon shi ne ɗan tuntuɓen nan da ake gani idan kyamara na tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, wanda mutum kan ji wani abu bai yi daidai ba amma ya kasa cewa ga shi. Talabijin mai 120 ba ta da wannan matsalar, domin 24 sau 5 ne cif. Manhajar Kodi kuma tana da saitin da ke umartar talabijin ta sauya bugunta ya dace da kowane fim da aka kunna. A kashe yake zuwa, sai an kunna shi da hannu.

Labarin bai ƙare ba. Yawancin finafinan Amurka da ke kan faifai ba 24 ba ne daidai, 23.976 ne. Gadon 1953 ne, lokacin da injiniyoyin Amurka suka ɗan rage gudun hoton talabijin daga 30 zuwa 29.97 don launi ya shiga ba tare da ya yi karo da sauti ba. Idan allo yana kan 24 cif, fim kuma yana kan 23.976, kusan duk daƙiƙa 42 sai hoto ɗaya ya maimaitu. Mu kuma a Najeriya tsarin PAL muka gada, hoto 25 a daƙiƙa, daidai da wutarmu mai bugu 50; Nijar da yawancin ƙasashe renon Faransa SECAM suka bi, shi ma 25 ne. Saboda haka duk abin da aka ɗauka don gidajen talabijin namu, a kan 50 yake tafiya sumul, a kan 60 ya yi ɗingishi. A zamanin kaset da DVD na PAL, fim mai 24 gudu ake ƙara masa ya koma 25, fim ɗin minti 100 ya ƙare a minti 96, muryoyin jarumai su ɗan ƙara siranta. Shekaru muka yi muna kallon finafinan Indiya da na Amurka a haka ba mu sani ba.

Kun san kuwa ba duk ramukan HDMI na bayan talabijin ne ɗaya ba? HDMI 2.0 na 2013 yana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, ya ishi 4K a bugu 60. HDMI 2.1 na 2017 yana kaiwa 48, shi ne mai 4K a bugu 120. Talabijin da yawa masu rami huɗu, biyu kaɗai ne ke da cikakken ƙarfin, kuma ɗaya daga biyun shi ne wanda na'urar sauti ke buƙata. Wasu ma sai an shiga saiti an buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa. Ƙari a kan haka, masu ba da lasisin HDMI sun yarda a rubuta 2.1 a jikin na'urar da ba ta da ko ɗaya daga sababbin abubuwan. A karanta abin da aka lissafa a takardar, a bar lambar.

Idan baƙi ya koma toka-toka, ko kuma duhu ya haɗiye komai a fim ɗin dare, ba talabijin ce ta lalace ba. Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255, bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. Ɓangarorin biyu ne ba su yi magana ɗaya ba, a daidaita su. Haka nan a kunna yanayin gem na talabijin kafin a fara wasa. A bugu 60 kowane hoto milisakan 16.7 yake ɗauka, gyare-gyaren ƙawata hoto da talabijin ke yi kuwa na iya jinkirta shi ninkin haka sau da yawa. Shi ne za ku danna a buga ƙwallo, ɗan wasan ya tsaya tunani.

Shin ko kun san rimot ɗin talabijin na iya sarrafa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi amma ya kasa sarrafa kwamfutar da ta ninka shi tsada sau ashirin? A cikin wayar HDMI akwai wani siririn layi, CEC, da na'urori ke aika wa juna umarni ta kansa. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Yawancin katunan hoton kwamfuta ba su kula shi ba. Sai an sayi 'yar na'urar Pulse-Eight an saka a tsakani, ko a haƙura da ƙaramin kibod marar waya mai wurin shafa yatsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan uwargida ko yara ba za su iya kunna fim ba sai an kira mai kwamfutar a waya, na'urar ta faɗi jarrabawar falo, komai ƙarfinta.

Ko kun san ramin USB 3.0, mai shuɗin bakin nan, yana fitar da hayaniyar da ke dagula siginar 2.4 GHz, inda hannun gem da kibod marasa waya da Bluetooth ke aiki? Intel da kansa ya wallafa bayani a kan haka a 2012. Idan hannun gem yana yankewa, a mayar da ɗan abin da ke karɓar siginarsa ramin USB 2.0, ko a ja shi gaba da gajeriyar waya ya fito daga bayan akwati. Eriyoyin nan biyu da ke zuwa a kwalin madabod kuma ba na Wi-Fi kaɗai ba ne, Bluetooth ma da su yake ji. A ɗaura su ko da wayar intanet aka jona.

Shin ko kun san Kodi a cikin Xbox na farko aka haife ta? A 2002 wasu masu sha'awa suka rubuta manhajar kallon bidiyo don Xbox ɗin da aka buɗe wa kulle, ta zama XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna. Plex reshe ne da ya ɓalle daga gare ta. Jellyfin kuma daga Emby ya ɓalle a 2018. Microsoft ma ya gwada sa'arsa da Windows Media Center a 2002, ya binne shi da zuwan Windows 10 a 2015. Kodi ba ta zuwa da fim ko ɗaya, abin da kuka ajiye take jerawa da hotuna da manyan haruffan da za a iya karantawa daga kujera.

Ga wani abin takaici: a wajen Netflix da ire-irensa, ƙaramar na'urar nan mai kama da sanda da ake sokawa a bayan talabijin takan fi kwamfuta mai tsada. Saboda tsoron satar fasaha, 4K na Netflix a Windows yana da jerin sharuɗɗa, daga irin manhajar da za a buɗe shi da ita har zuwa kariyar HDCP 2.2 a duk hanyar da hoton zai bi, a Linux kuwa ba a ba da shi. Faifan Blu-ray na 4K, mai ɗaukar gigabait 66 ko 100, kallonsa a kwamfuta ta halastacciyar hanya ya dogara ne da wata fasahar Intel mai suna SGX, Intel kuma ya cire ta daga sababbin firosesocinsa na gida. Wato sabuwar kwamfuta ta kasa abin da tsohuwa ke yi. Ni dai na ga ya fi a bar wa manhajojin cikin talabijin wannan aikin, kwamfuta ta riƙe gem da finafinan da ke ajiye.

Kun san kuwa kamfanin Valve, mai shagon gem na Steam, ya daɗe yana zawarcin falo? Ya kawo fuskar Big Picture mai manyan haruffa a 2012. Ya fito da Steam Machine a Nuwambar 2015, kasuwa ta juya masa baya, domin gem kaɗan ne ke tashi a Linux a lokacin. Bai yi zuciya ba: a 2018 ya saki Proton, wanda ke sa gem ɗin Windows ya yi aiki a Linux, a Fabrairun 2022 Steam Deck ya fito ya karɓu, a Nuwambar 2025 kuma ya sanar da sabon Steam Machine, ɗan dunƙulallen akwati. Yau mutum na iya sa tsari irin su Bazzite a kwamfutar da ya haɗa, ta tashi kai tsaye cikin jerin gem, a sarrafa komai da hannun wasa, ba maus ba kibod.

Amma kafin matasanmu su yi murna, ga tsakuwa a cikin shinkafar. EA Sports FC, wanda har gobe FIFA muke ce masa duk da an sauya sunan tun 2023, ba ya tashi a Linux saboda manhajarsa ta hana maguɗi. Fortnite da Valorant ma haka. Gidan da ƙwallo ce dalilin sayen na'urar, Windows ne kawai mafita. Kuma a 2024 ƙungiyar da ke kula da HDMI ta hana AMD saka cikakken HDMI 2.1 a buɗaɗɗiyar manhajarsa ta Linux, abin da ya dagula wa masu son 4K a bugu 120 lissafi.

Shin ko kun san ba kowace inbata ce na'urar wutar kwamfuta ke jituwa da ita ba? Na zamani suna son wuta mai santsin igiya irin ta layin gwamnati. Inbata ko UPS mai arha, wadda igiyarta ke hawa tsani-tsani, kan sa su yi ƙugi, ko su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, wato lokacin da aka saye ta dominsa. Tambarin 80 Plus, da aka fara a 2004, alkawari ne cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da aka ja za ta isa kayan ciki, sauran ta tafi a zafi. Mai sola ya yi lissafi da kyau: ƙaramar kwamfutar fim ba ta kai cin fankar sama ba, na'urar gem mai wat 400 kuwa za ta kwashe batirin da aka tanada don dare kafin a gama gasar lig guda.

Ko kun san gwanaye ba sa fara haɗa komai a cikin akwati? A kan kwalin madabod suke jera firosesa da RAM da SSD da kati, su kunna su ga hoto ya fito, sannan su kwance su shigar. A ƙaramin akwati, wayar wutar firosesa da ke can lungun sama a fara soka ta kafin a ɗaura ƙarfen sanyaya, in ba haka ba sai an sake warware rabin aikin. Madabod da yawa na Mini-ITX suna da ramin SSD na biyu a bayansu, irin sandar nan mai milimita 22 da 80. A cika shi tun kafin a ɗaure sukurori.

Manyan gem na yanzu wasu sun haura gigabait 100, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi ga mai sayen data. Tun 2023 Steam ke da hanyar kwafar gem daga wata kwamfutar zuwa wata a kan rauta ɗaya, ba tare da an sake saukewa daga intanet ba. Idan aboki ya riga ya sauke, kuma ku ma kun sayi gem ɗin a asusunku, ya zo da laftof ɗinsa, a buɗe izinin a saitin ɓangarorin biyu, a jona su da waya, sai 'yan sabunta-sabunta kawai za su ci data.